“Tawa Mai Kyau Ce”: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da Ɗanɗano da Ƙamshin Taba

Idan likita ya tambayi majinyaci ko yana shan taba, da wuya ya ji “e” ko “a’a” kai tsaye. Abin da muka fi ji shi ne: “Ina ɗan taɓawa, amma tawa ba ta da ƙarfi.” Wani ya ce tasa mai sanyi ce, ba ta ƙona maƙogwaro. Dattijo daga Kuchi ko Jabo ya ce shi garin taba kawai yake sa wa a baki, ganye ne da aka noma aka daka, ba a zuba masa komai na Bature ba. Saurayi ya ce shisha ce, ƙamshin tuffa kawai take yi. Wanda Allah ya hore wa kuma, da ke zirga-zirga tsakanin Tambuwal da Abuja, ya ce tasa daga waje aka kawo masa tsaraba, kara ɗaya ya fi kuɗin kwalaye da yawa na sigari.

Dukansu da ma’auni ɗaya suke awo, wato abin da harshe da hanci suka ji. Idan kai ma haka kake auna taka, ko akwai wani naka da ke kafa maka wannan hujja, ka daure ka karanta wannan bayani zuwa ƙarshe.

Yadda ɗanɗano yake samuwa

Harshenka iri 5 kawai yake rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da ɗanɗanon nan na romon nama da daddawa. Sauran abin da kake kira “daɗin abinci” yawancinsa aikin hanci ne. Lokacin da kake tauna, ƙamshi na bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa saman hanci, daga can saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan mura ta toshe maka hanci, miyar kuka da miyar kuɓewa sai su kusa zama ɗaya a bakinka. Akwai kuma wata jijiya ta daban da ke jin yaji da zafi da sanyi, ita ce barkono da citta suke tsokana.

Mutane ba su zama ɗaya ba a wannan fanni, kuma wani ɓangare na bambancin gado ne. A shekarar 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox ya lura cewa wani gari da yake aiki da shi yana yi wa abokin aikinsa ɗaci ƙwarai, shi kuwa bai ji komai ba. Daga baya aka gano cewa ƙwayar halittar da mutum ya gada ce ke sa wani ya ji wannan ɗaci, wani bai ji ba. Saboda haka idan mutum biyu suka yi musu a kan taba ɗaya, wannan ya ce tana da kaifi, wancan ya ce lafiya lau, mai yiwuwa kowa gaskiyarsa ya faɗa. Sai dai hayaƙin da ya shiga jikinsu iri ɗaya ne.

Bayan gado akwai sabo. Ka tuna ranar da ka fara cin goro kana yaro, ko ranar da ka fara zuƙar taba: tari, jiri, tashin zuciya, wani har da amai. Wannan shi ne hukuncin farko da jikinka ya yanke a kan taba, kuma shi ne na gaskiya. Nikotin sinadari ne mai ɗaci da ƙaiƙayi, wanda tsiron taba ke yi don kare kansa daga ƙwari. Amma yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙa, ya sa ta saki sinadarin jin daɗi. Idan aka maimaita haka sau ɗaruruwa, ƙwaƙwalwa sai ta haɗa wannan ɗaci da wannan wari da samun sauƙi, har mutum ya koma yana kiran su daɗi. Abin da mashayi yake ɗauka zaɓin harshensa ne, kaso mai yawa nasa buƙatar nikotin ce.

Sai na uku, abin da ka sa rai za ka ji. A watan Disambar 2012 ƙasar Ostareliya ta tilasta wa kamfanonin taba su daina ƙawata kwali: kowane iri ya koma launi ɗaya mara kyan gani, da manyan hotunan cututtuka. Ba a daɗe ba mashaya da dama suka fara ƙorafin cewa tabar ta canza ɗanɗano, ta lalace, alhali kamfanonin da kansu sun ce ba su taɓa abin da ke ciki ba. Kwali ne ya canza, harshe ya bi. Haka farashi yake yi. Abin da ka saya da tsada, ko wani babba ya ba ka da hannunsa, kafin ya kai bakinka ka riga ka yanke cewa mai kyau ne.

Tabar masu hali

Akwai tabar nan mai kauri kamar babban yatsa, launin ƙasa-ƙasa, da kake gani a bakin attajirai cikin fina-finai da bidiyoyin waya. Ba takarda ake naɗe ta da ita ba, ganyen taba ne ciki da waje, kuma masu tsadar da hannu ake naɗa su. Bari mu kira ta tabar Habana, tunda babban birnin ƙasar Kyuba ne ya yi suna da ita, ko da yake ana yin ta sosai a Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika. Maƙwabciyarmu Kamaru ma ta yi suna wajen noma ganyen da ake rufe bayanta da shi.

Ba za ka same ta a teburin mai shayi a Kebbe ko Dogon Daji ba, mun sani. Mun kawo ta ne saboda dalili biyu. Na farko, ’ya’yanmu na ganinta a waya a matsayin alamar arziki. Na biyu, babu inda zancen ɗanɗano ya kai ƙololuwa kamar a kanta. Masu shan ta sukan zauna suna bayyana abin da suka ji: wannan ya ce ƙamshin itace, wancan ya ce gahawa ko koko ko fatar jima. Ana ajiye ta a akwati na musamman don kada ta bushe, ana ba ta maki a mujallu. Sau da yawa kuma mutum ya sayi wadda aka yi ta zuzutawa, ya kunna, ya ji ba haka ba, sai a ce masa harshensa ne bai goge ba tukuna, ya ci gaba da gwadawa. A wajen likita, “ci gaba da gwadawa har ka saba” shi ne ainihin yadda jaraba take kama mutum.

Ga abin da ke cikinta. Karan sigari ɗaya bai kai giram 1 na taba ba. Babbar tabar Habana ɗaya kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, wato za ta iya kai kwalin sigari guda, kuma ana ɗaukar sa’a 1 zuwa 2 ana shan ta. Kafin a naɗa, ana tara ganyen a jibge shi ya yi zafi ya ruɓa a hankali na tsawon makonni ko watanni. Wannan ruɓawar ce ke fito da ƙamshin da ake yabo, kuma a lokacin busarwa da ruɓawar ne ake samun ƙaruwar wasu sinadarai da ake kira naitrosamin, waɗanda suna cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke haddasa ciwon daji a taba. Matakin da ya gyara ɗanɗanon shi ne ya ƙara gubar.

Masu shan ta sukan ce ai ba sa haɗiye hayaƙin, a baki kawai suke juya shi su fesar. A nan akwai wani abu da ya kamata ka fahimta, domin ya shafi har kakanka mai garin taba. Hayaƙin sigari yana da ɗan tsami a sinadarance, don haka nikotin ɗinsa ba ya ratsa fatar baki sosai, sai an ja shi zuwa huhu. Hayaƙin tabar Habana kuwa ya karkata ɓangaren kanwa, kuma a irin wannan yanayi nikotin na ratsa fatar baki kai tsaye ya shiga jini. Ko ba ka haɗiye ba, ka samu rabonka. Leɓe da harshe da dasashi da maƙogwaro suna jiƙe cikin hayaƙi na tsawon sa’a guda, yawun da ya kwashi sinadaran kuma ana haɗiye shi ya bi ta maƙoshi. Shi ya sa masu shan ta a kai a kai suke da haɗarin mutuwa da ciwon dajin baki, na maƙogwaro da na hanyar abinci ninki 4 zuwa 10 a kan waɗanda ba sa shan taba. Wanda kuma ya baro sigari ya koma kanta da sunan ragewa, yawanci ya riga ya saba ja zuwa ƙirji, sai ya haɗa haɗarin baki da na huhu.

Garin taba da kanwa

Tun kafin a san kwalin sigari a ƙasar Hausa, mutanenmu suna noma taba, suna shan ta a lofe, suna daka ta su shaƙa ko su ƙunsa a baki, mata kuma suna goga furenta a haƙora tare da goro don ado. Mai haɗa garin taba ya san in bai sa kanwa ba, masu saye za su ce lami ce, ba ta kamawa. Bai karanta kimiyya ba, amma abin da yake yi daidai yake da wanda muka bayyana a sama: kanwa na sakin nikotin ya ratsa fatar baki ko ta hanci da sauri. “Kamun” da ake yabo, adadin nikotin da ya shiga jini ne.

Kasancewarta ’yar gida bai wanke ta ba. Gubar taba a cikin ganyen take, ba kamfani ne ya ƙirƙiro ta ba. Wurin da aka saba ƙunsa garin, tsakanin leɓe da dasashi, shi ne inda mukan ga fata ta yi fari ta yi kauri, dasashi ya janye, haƙori ya fara girgiɗi. Wani lokaci wannan farin tabo shi ne mafarin ciwon daji. Muna kuma roƙon iyaye mata da kakanni a daina cusa garin taba a ramin haƙori mai ciwo. Zai iya dusashe zafin na ɗan lokaci, ruɓar kuwa tana nan tana ci, kuma da yawa ta wannan hanya suka kamu da tabar har tsufa. A ɓoye kwalbar daga yara ƙanana, domin ɗan kaɗan idan yaro ya haɗiye zai iya sa shi amai, dalalar yawu, har da jijjiga.

Mai sanyi, mara ƙarfi, mai ƙamshin ’ya’yan itace

Sanyin da kake ji a “taba mai sanyi” na mentol ne, sinadarin da ke cikin man zafi da alewar tari. Ba ya rage zafin hayaƙi ko kaɗan. Jijiyar da ke jin sanyi yake taɓawa, ya kuma ɗan kashe ƙaiƙayin maƙogwaro, sai tarin da ya kamata ya tsayar da kai ya lafa. Sakamakon haka sabon shiga yana samun sauƙin farawa, wanda ya saba kuma yana shan wahalar bari. Saboda wannan ne Tarayyar Turai ta hana sayar da sigari mai mentol tun watan Mayun 2020.

Wadda ake kira mara ƙarfi kuwa, dabarar tana jikin audugar gindinta. An huda ƙananan ramuka da ke shigo da iska ta gauraya da hayaƙi, sai a ji shi da sauƙi a baki. Amma jikin da ya saba da adadin nikotin ɗinsa ba ya yarda a rage masa. Ba tare da ka lura ba za ka ja da ƙarfi, ka riƙe hayaƙin, ka toshe ramukan da yatsu ko leɓe, ko ka ƙara yawan karan da kake sha. Bincike ya daɗe da tabbatar da cewa ba ta rage cuta, shi ya sa ƙasashe da yawa suka hana rubuta irin waɗannan kalmomi a kwali.

Shisha ita ta fi damun mu game da matasa, maza da mata. Taba ce aka cuɗa da zaƙi da turaren tuffa ko na’a-na’a ko inabi, aka ɗora mata garwashin gawayi. Ruwan da ke cikin tulun yana sanyaya hayaƙi, ba ya tace guba. Da yake hayaƙin ya yi sanyi ya yi zaƙi, ana ja sosai, ana kuma daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya mutum zai iya shaƙar yawan hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga kuma iskar gawayi mai guba, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko janareto a rufaffen ɗaki. Ita ce ke kawo ciwon kai da jiri, wani har ya faɗi. Bakin tiyo ɗaya da ake zagayawa da shi kuma hanya ce ta yaɗa cututtuka. Ruwanda da Kenya sun haramta shisha a 2017, Mali ta bi sahu a 2022. A Najeriya, a 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya bayyana cewa haramcin taba mai ƙamshi ya haɗa da shisha. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Kowa ya san yadda ake bin wannan doka a tasha da bakin kasuwa, don haka nauyin ya dawo kan iyaye.

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji. Mafi yawansu harshe ba ya jin su, iskar gawayin nan ma ba ta da wari ko ɗanɗano sam. Taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a duniya kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, zama kusa da mai sha ne ya ja musu. Idan hayaƙi ya yi ƙamshi, ba a korar mai shi waje, sai ya zauna a ɗaki tare da mai juna biyu da jariri da yaro mai asma.

Abin da taba ke yi wa harshen kansa

Wani abin takaici shi ne, tabar da ake sha don ɗanɗano tana rage ɗanɗanon. Hayaƙi na dusashe ƙwayoyin ɗanɗano na harshe, yana kumbura fatar cikin hanci, yana lalata jijiyoyin jin ƙamshi. A hankali abin ke zuwa, mutum ba ya lura. Uwargida, idan maigida mashayi ne kuma kullum ƙorafinsa miya ba ta ji gishiri ba alhali kowa a gidan ya ce ta ji, wataƙila laifin ba na tukunyarki ba ne. Kada ki biye masa ki ƙara gishiri da dunƙule, musamman idan akwai mai hawan jini a gidan.

Wannan ɓarna tana gyaruwa. Ƙwayoyin ɗanɗano suna sabunta kansu kusan kowane mako 2, kuma da yawa daga waɗanda suka bari suna fara jin bambanci a ƙamshi da ɗanɗano bayan kwana 2 kacal. Cikin sa’a 12 iskar gawayi da ke jini ta sauka. Bayan shekara 1 ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara 5 zuwa 10 na ciwon dajin baki da maƙogwaro shi ma ya ragu da rabi. Da yake abinci zai dawo da daɗinsa, za ka ji kana son ci fiye da da, ka yi hattara da kayan zaƙi da soye-soye, balle in kana da ciwon suga.

Ba kowane rashin ɗanɗano ba ne daga taba. Mura, cutar korona, ciwon dasashi, bushewar baki da wasu magunguna irin su Flagyl, wanda ke sa baki ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, duk suna kawo shi. Idan ya wuce ’yan makonni bai dawo ba, a duba ka.

Yaushe za ka je asibiti

Ka ɗauki madubi ka duba bakinka a wuri mai haske, ka ɗaga harshe, ka janye leɓe da kumatu. Gyambon baki da ya kai mako 3 bai warke ba, farin tabo ko ja da ba ya goguwa, dashewar murya ta mako 3, wahalar haɗiye abinci, ƙullutu a wuya, haƙori da ya kama girgiɗi ba dalili: ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kai ka gaban likita, ko da ba ya yi maka zafi. Ciwon dajin baki a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo, wannan ne ke sa mutane zama a gida suna shafa zuma da jiƙe-jiƙe har ya ci ƙarfinsu. Tarin da ya kai mako 2 kuma a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada. Ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai a Tambuwal ko Kebbe. Idan ana buƙatar ɗibar ɗan nama don gwaji ko ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, za a tura ka Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka faɗa wa likita gaskiyar irin tabar da kake amfani da ita da shekarun da ka yi, har da garin taba da shisha, domin da yawa ba sa lissafa su a cikin taba.

Idan ka yanke shawarar bari, kada ka bi ta hanyar sauya iri, daga mai ƙarfi zuwa mai sanyi, ko daga sigari zuwa shisha. Ka sa rana, ka sanar da iyalinka, ka fitar da kwali da ashana da kwalbar gari daga gida da shago. Kwana 3 na farko su ne mafi wuya: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, rashin natsuwa. Yawanci abin na lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Sha’awar takan taso ta yi ƙarfi ta sauka cikin ’yan mintuna, don haka ka tanadi abin da za ka sa a baki a lokacin: asuwaki, kanumfari, ruwan sanyi, ’yar gyaɗa. Idan da shayi ko goro ka saba haɗa ta, ka canza wurin zama da lokacin na ɗan wani lokaci. Wanda ya iya yini bai sha ba a watan azumi ya riga ya san zai iya, darensa kawai ya rage ya riƙe.

Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin daidai gwargwado, da wasu ƙwayoyi da likita ke rubutawa, waɗanda ke ƙara yiwuwar yin nasara sosai. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon zuciya ko farfaɗiya kada su fara kowanne sai da shawarar likita. Wanda ya haɗa taba da wiwi ko ƙwayoyi, ko ya yi ta gwadawa abin ya faskara, zai iya neman a tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, inda ake kula da masu fama da shaye-shaye. Idan ka bari ka koma, ka sake sa wata ranar. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.